Wa Ya Ƙera, Wa Ya Sayar, Wa Ya Ajiye?

A unguwannin Dutse irin su Takur, Fagoji da Gida Dubu, ba wuya ka tarar da samari da sassafe ko da yamma sun taru a kango suna ɗaga ƙarfe. Kayan nasu yawanci haɗin gida ne. A samo gwangwanayen fenti biyu, a cika su da kankare, a soka bututun ƙarfe a tsakani, a bari ya sha iska. Mai ɗan hali ya sayo tsofaffin ƙarafan mota wajen 'yan gwangwan, mai walda ya liƙa masa su, ya ƙera masa benci. A gidajen ma'aikata kuwa, da zarar likita ya ambaci hawan jini ko ciwon suga, sai injin gudu ya shigo falo, galibi na gwanjo. Duk wannan abin so ne, domin neman lafiya ya kawo shi. Sai dai kayan da aka saya don lafiya su ma suna iya raba mutum da ita.

Dubi saurayin da ya kwanta rigingine a kan benci, nauyin da ya kusa buhun siminti yana saman ƙirjinsa da maƙogwaronsa. Ransa a lokacin yana rataye ne da ɗan ɗigon waldar da ke riƙe da ƙafar bencin, da kuma kankaren da ya kama bututun. Idan mai walda ya yi aikin shafa-shafa ya rufe da fenti, tsatsa za ta ci gindin ƙarfen ba wanda ya gani. Idan kankaren ya tsage, ɓari ɗaya ya zame, ɗaya ɓarin zai rinjaya nan take, ya murɗe hannu ko ya faɗa a kan ƙafar na kusa. Shi ya sa masu ɗaga ƙarfe na asali ba sa kwanciya ƙarƙashin nauyi sai da wani tsaye a kansu.

Injin gudu nasa haɗarin ya fi ɓoyuwa, kuma yakan ci yara. A ƙarshen injin ta baya, inda bel ke naɗewa ya koma ƙasa, akwai ɗan wurin da hannun yaro mai rarrafe ke iya shiga, bel ɗin ya goge fata kafin mai gudu ya waiwaya. Akwai ɗan makulli mai igiya da ake maƙalawa a riga, wanda ke kashe injin idan mutum ya zame. Na gwanjo sau da yawa yakan zo babu shi, wani mai gyara ya haɗa waya ya tsallake shi. Ga wutarmu da ke ɗaukewa ba sallama, injin ya tsaya mutum na tsakar gudu. Ga injinan Amurka da aka ƙera don wuta mai ƙarfin bolt 120, tamu kuwa 230 ce.

A 2009, 'yar ɗan damben nan Mike Tyson mai shekara 4 ta rasu bayan igiyar injin gudu ta shaƙe ta a gida. A watan Mayun 2021, kamfanin Peloton ya janye injinansa samfurin Tread+ kusan 125,000 daga hannun jama'a a Amurka, bayan injin ya ja wani yaro ɗan shekara 6 ƙarƙashinsa ya mutu, wasu da dama sun ji rauni. A farkon 2023 kamfanin ya amince ya biya tarar dala miliyan 19, saboda ya san matsalar bai sanar da hukuma da wuri ba. A can an tsaya an tambayi wanda ya ƙera, aka kuma ɗora masa alhakin abin da ya ɓoye.

Mu a nan, idan irin haka ta faru, sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a kai yaro Asibitin Rasheed Shekoni, maigida ya biya kuɗin magani, magana ta mutu. Yarda da ƙaddara wajibi ne, amma ba ta taɓa wanke mai sakaci ba. Malamanmu na fiƙihu sun karantar da cewa dole mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, kuma mai saye na da damar mayarwa idan aka ɓoye masa. Dokar ƙasa ta 2018 da ta kafa hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ita ma ta ɗora wa wanda ya sayar da kaya masu lahani nauyin ɓarnar da suka jawo. Wanda ya yi shiru kan bencin da ya karye, ya bar mai waldar ya ƙera wa ɗan maƙwabcinsa irinsa gobe.

Amanar a hannun mutum uku take. Mai ƙerawa ya yi aiki da sanin cewa wuyan mutum zai shiga ƙarƙashin ƙarfensa. Mai sayarwa ya faɗi gaskiyar abin da ya lalace, ya gwada injin a gaban mai saye, ya ba da rasit. Maigida kuma ya duba walda da noti kafin kowane amfani, ya cire injin daga soket idan ya gama, ya ɓoye makullin, ya hana yara shiga wurin. Araha ba ta ado, balle a kayan da ke ɗaukar nauyin rai. Idan kuma an ji ciwo saboda aikin wani, a koma masa cikin mutunci da shaida, a nemi ya gyara kuma ya biya. Hakan ne zai sa masu sana'a su riƙa tsoron ha'inci, kuma shi ne kariyar da za mu iya ba yaran da ba su san komai game da cinikin ba.