Wa Zai Je Ya Ɗauko Markus?

Makon Matasa, ranar Alhamis
Karatu: Ayyukan Manzanni 15:36-41 da 2 Timoti 4:9-11

Makon matasa ya kai tsakiya. An yi kacici-kacici na Littafi Mai Tsarki, an fita bishara gida-gida, an yi gayya an share harabar majami'a, gobe Jumma'a kuma akwai addu'ar dare. Amma mu faɗi gaskiya, abin da ya fi cika bakin samarinmu shi ne wasan ranar Asabar, inda rassan ikilisiya za su kara a fili. Tun ranar Lahadi ake ta gardama a kan wanda zai tsare gida da wanda zai sa riga mai lamba tara.

Akwai iyayenmu da ba sa jin daɗin wannan. A ganinsu ƙwallo da gidan Allah ba sa ga maciji da juna. Muna girmama damuwarsu, domin sun ga yaran da gidan kallo ya haɗiye. Sai dai ya kamata a san cewa wasu manyan ƙungiyoyin da ake kwana ana musu a kansu a cikin coci aka haife su. Samarin wata majami'ar Methodist a birnin Birmingham ne suka kafa Aston Villa a shekarar 1874. Everton ta fito daga majami'ar St Domingo a 1878. Southampton kuwa matasan cocin St Mary's ne suka fara ta a 1885, har yau filin wasanta sunan wannan cocin yake ɗauke da shi. Mutanen Allah ne suka ga samari suna zaman banza, suka ba su ƙwallo don su riƙe su kusa. Saboda haka wasan Asabar ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Abin da nake so mu duba yau shi ne wani hali da magoya bayan ƙwallo suke da shi, wanda ya kamata ya ba mu kunya.

Mai goyon bayan ƙungiya ba ya barinta don ta sha kashi. Liverpool ta yi shekara 30, daga 1990 zuwa 2020, ba ta ɗauki kofin gasar Ingila ba. An haifi yara, sun girma, sun yi aure, sun haihu, ba su taɓa ganin ƙungiyarsu ta ɗaga wannan kofin ba, amma ba su cire jar riga ba. A unguwanninmu ma haka ne. Za a lallasa ƙungiyar saurayi ranar Asabar, a yi masa dariya har ya kasa cin tuwo, mako mai zuwa kuma shi ne na farko a bakin gidan kallo da kuɗin shiga a hannu.

Ku tuna da Bukayo Saka, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. Ranar 11 ga Yuli 2021, a wasan ƙarshe na gasar ƙasashen Turai a filin Wembley, Ingila da Italiya suka tashi ɗaya da ɗaya, aka je bugun fenariti. Yaro ɗan shekara 19 aka ba bugun ƙarshe, mai tsaron gidan Italiya ya tare, kofi ya tafi. A daren nan wasu suka bi shi da zagi a intanet saboda launin fatarsa. Amma da ya koma Arsenal, ya tarar an manna masa wasiƙun magoya baya a bango, kocinsa bai ajiye shi a benci ba, daga baya ma shi aka riƙa ba bugun fenariti. A 2024, a wasa da Switzerland, ya sake tsayawa a gaban raga a bugun fenariti da rigar Ingila, ya zura. Mutanen da ba don sunan Yesu suka taru ba sun san yadda ake ɗaga yaron da ya faɗi. Mu fa?

Yanzu mu koma ga karatunmu. Yahaya, wanda ake kira Markus, ɗan gidan addu'a ne. A gidan mahaifiyarsa Maryamu a Urushalima ne masu bi suka taru suna addu'a a daren da mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku. Wato irin yaran nan ne da suka tashi a cikin ikilisiya, kowa ya san uwarsu, kowa yana sa rai a kansu. Da Barnaba da Shawulu suka fita tafiyar bishara ta farko, suka ɗauke shi ya zama mataimakinsu. Ya bi su har suka ratsa tsibirin Kubrus. Amma da suka isa Bariyata ta ƙasar Bamfiliya, sai ya rabu da su ya koma gida. Luka bai ba shi wani uzuri ba. Aiki yana tsakiya, yaro ya ajiye kaya ya tafi.

Bayan wani lokaci Bulus ya ce wa Barnaba su koma su dubo 'yan'uwa a garuruwan da suka yi wa'azi. Barnaba ya ce a tafi da Markus. Bulus ya ce sam. Maganar ta yi zafi har manyan bayin Allah biyu suka raba hanya. Bulus ya zaɓi Sila ya nufi Suriya da Kilikiya, Barnaba ya ɗauki Markus suka shiga jirgin ruwa zuwa Kubrus.

Kada mu yi saurin ɗora wa Bulus laifi. Tafiyar ba ta wasa ba ce. Bayan Markus ya bar su, an jajjefi Bulus a Listira har aka ja shi bayan gari ana tsammani ya mutu. Wanda ya sha irin wannan yana da dalilin cewa ba zai jingina da katangar da ta taɓa zubewa ba. Koci mai hankali ba ya sa ɗan wasan da ƙafarsa ba ta warke ba a wasan ƙarshe. Bulus aikin yake dubawa. Barnaba kuwa yaron yake dubawa, kuma wannan halinsa ne tun asali. Sunansa na yanka Yusufu, manzanni ne suka laƙaba masa Barnaba saboda yadda yake ƙarfafa mutane. Lokacin da kowa a Urushalima yake tsoron Shawulu, shi ne ya kama hannunsa ya kai shi gaban manzanni. Shi ne kuma ya tafi har Tarsus ya nemo shi ya kawo shi Antakiya. Abin da ya yi wa Bulus jiya shi yake so ya yi wa Markus yau. Ya yarda ya rasa abokin tafiya irin Bulus saboda saurayi ɗaya da ya riga ya ba shi kunya.

Ikilisiya tana bukatar Bulus, tana kuma bukatar Barnaba. Damuwata ita ce a zumuntar matasanmu masu aikin Bulus sun yi yawa, masu aikin Barnaba kuwa sai an tona.

Mun san bencin baya. Idan ɗan'uwa ko 'yar'uwa ta faɗi cikin zunubin da ya fito fili, dattawa sukan dakatar da ita daga hidima, ta koma kujerar baya. Horo daidai ne, Maganar Allah ce ta koyar da shi, kuma ba na cikin masu cewa a soke shi. Amma ku duba yadda ake yi a ƙwallo. Idan alƙalin wasa ya ɗaga jan kati, kowa ya san wasa nawa ɗan wasan zai yi a waje, ɗaya ne ko uku. Kuma duk kwanakin nan yana zuwa atisaye tare da sauran, yana cin abinci tare da su, ba a karɓe rigarsa ba. Wanda ya ji rauni ma akwai mai kula da shi kullum har ya warke. Mu kuwa sau da yawa jan katinmu ba shi da ranar ƙarewa. Dattawa za su ce wata shida, amma a zuciyar matasa har abada ne. A cire sunanta daga rukunin WhatsApp na mawaƙa. A daina gaya mata lokacin koyon waƙa. Idan ta shigo, hira ta tsaya cak. Ranar da ta daina zuwa gaba ɗaya, sai mu ce dama mun san ba ta da tushe. Shi kuwa saurayin da suka yi laifin tare, wani lokaci yana nan yana kaɗa ganga kamar ba abin da ya faru. Wannan ba adalci ba ne a gaban Allah.

Bulus ɗin nan da ya ƙi Markus, shi ne ya rubuta wa Korintiyawa a wasiƙarsa ta biyu, sura ta 2, a kan mutumin da ikilisiya ta hora. Ya gaya musu horon ya isa haka, su yafe masa, su ta'azantar da shi, don kada baƙin ciki ya cinye shi, kada kuma Shaiɗan ya sami ƙofa. Ashe Iblis yana iya cin riba a zunubin mutum, yana kuma iya cin riba a horon da ba a san ranar gama shi ba.

Ga wani Markus da yake tsakaninmu ba mu lura ba. Cacar ƙwallo ta shiga wayoyin samarinmu. Da naira ɗari ake farawa, wai don kallo ya yi armashi. Daga nan sai kuɗin makaranta, sai jarin shago, sai kuɗin da zumunta ta ba shi ajiya don sayen riguna. Ranar da wasa ɗaya ya ɓata masa tikiti, ba zai iya haɗa ido da kowa ba. Sai ya ɗauke ƙafa. Mu kuma mu ce ya ja da baya, duniya ta ɗauke shi. Kunya ce ta kore shi, 'yan'uwa. Caca zunubi ce, kuma dole ya biya abin da ya ci. Amma wa zai je ya zauna da shi a kan benci a ƙofar gidansu, ya ce masa mu lissafa bashin, mu tsara yadda za ka biya kaɗan-kaɗan, ni zan raka ka wurin Fasto? Abokansa na gidan kallo, idan ya yi mako biyu bai zo ba, za su buga masa waya. Mu da muke cin jibin Ubangiji tare da shi, wata uku ya wuce ba wanda ya taka ƙofarsu. Mun haddace sunayen 'yan wasa goma sha ɗaya har da na benci, amma a tambaye mu su wa suka ɓace daga zumunta tun Ista, sai mu fara sosa ƙeya.

Ku ga ƙarshen labarin. Shekaru sun wuce, Bulus yana ɗaure, ya rubuta wa Kolosiyawa ya ce idan Markus ya zo su karɓe shi. A wasiƙarsa ga Filimon ya lissafa shi cikin abokan aikinsa. Bitrus ya kira shi ɗansa. A wasiƙar ƙarshe kuma, yana jiran mutuwa, Luka kaɗai ne tare da shi, sai ya ce wa Timoti ya zo da Markus domin yana da amfani a gare shi a hidima. Haleluya! Wanda aka ƙi ɗauka jiya, shi ake aikawa a kira yau. Tun zamanin iyayen ikilisiya na farko kuma an san cewa wannan Markus ne ya rubuta Bisharar da take ɗauke da sunansa. A ayar da ke kusa da wannan akwai wani suna, Dimas. Shi ma an lissafa shi cikin abokan aiki tare da Markus a wasiƙar Filimon, amma yanzu ya yashe Bulus saboda ƙaunar duniya. Wanda ya gudu da fari ya dawo, wanda ake gani tsayayye ya tafi. Shi ya sa ba a tashi daga kallo a hutun rabin lokaci. Waɗanda suka kashe talabijin a 1996 lokacin da Brazil take cin Najeriya uku da ɗaya a gasar Olamfik ta Atlanta, da safe suka ji labarin ƙwallaye biyun Kanu a bakin maƙwabta.

Kai kuma Markus, idan wannan ɗan littafi ya faɗo hannunka, ji wannan. Barnaba yana iya zuwa ƙofarka, amma ba zai ɗauke ka a kafaɗa ya sa ka a jirgi ba. Markus da ƙafarsa ya shiga. Ya yarda ya sake farawa a Kubrus, wurin da aka san shi, aka kuma san abin da ya yi. Kada ka ce sai ka gyara kanka tukuna. Jinin Yesu bai ƙare a kanka ba, Ruhu Mai Tsarki kuma bai janye kiran da ya yi maka ba. Ka amsa wayar. Ka buɗe ƙofar. Idan akwai abin da za ka mayar, ka fara mayarwa ko da kaɗan ne.

Shugabannin matasa, kafin addu'ar dare ta gobe ku buɗe rajistar zumunta ta bara, ku rubuta sunan duk wanda ba a gani yanzu. Ku raba sunayen, mutum biyu ga kowane gida, 'yan'uwa mata su je wurin mata. Ba wa'azi za ku kai ba, gaisuwa ce da gayyata zuwa fili ranar Asabar. Wanda zai iya bugawa a ba shi riga. Wanda yake ƙarƙashin horo a nemi izinin dattawa ya zo ya zauna tare da mu, ya sha ruwan leda ɗaya da namu.

Addu'a: Ya Uba, ka san kowane ɗa da kowace 'ya da ta fita daga cikinmu da kunya, ka san ɗakin da suke kwana a daren nan. Ka tsinke igiyar caca da ta maye da ta fasikanci daga wuyan matasanmu. Ka ba dattawanmu hikimar horo da hikimar maidowa. Ka sa mini suna ɗaya a zuciya, ka hana ni sukuni sai na taka ƙofar gidansu. Ka tsare 'ya'yanmu daga rauni da faɗa a fili ranar Asabar. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.