Ina Ɗanka Zai Kwana a Hutun Damina?

Ya kai mai gida, da ke uwargida, an rufe lakwal, ga Yuli ya kama, ga noma. Sai aka zo muku da magana biyu. Wasu za su kai yara zango a birni, su yi ƙwallo da waƙa. Ikilisiya kuma ta kira taron yara na mako ɗaya, a koya musu Littafi Mai Tsarki. Wanne za ku zaɓa?

Kada ku yi saurin cewa na farkon aikin Shaiɗan ne. A shekara ta 1876 wani fasto, Walter Bion, ya kwashi yara 68 na talakawan birnin Zurik a ƙasar Suwis, ya kai su kan duwatsu su sha iska, su sami lafiya. Daga nan al'adar ta bazu har Faransa, daga baya gwamnatoci da ƙungiyoyi suka karɓe ta. A irin wannan zango yaro yana koyon tsabta da zama da waɗanda ba danginsa ba. Abu mai kyau ne. Amma ba wanda zai ce da shi ya durƙusa ya yi addu'a kafin barci, ba kuwa aikinsu ba ne. Yaron da shi kaɗai ne mai bi cikin yara hamsin yakan ji kunyar rufe ido a kan abinci.

Taron ikilisiya yana ba shi abin da ƙauye ba ya iya ba shi. Ɗan da ya taso gidansu kaɗai ne na Kirista a gari, sai ya ga tsaransa da yawa suna raira waƙa ɗaya da shi. Ya san ba shi kaɗai ba ne. Wannan ya fi kwana bakwai na maimai, ko da gona za ta ji rashinsa.

Amma ku ji. Hannatu ta kai Sama'ila ɗakin Ubangiji a Shilo, 'ya'yan Eli firist kuwa, Hofni da Finehas, mugaye ne, a wannan ɗaki suke hidima. Ku duba 1 Sama'ila sura 2. Sunan Allah a bakin ƙofa bai isa shaida ba. Hannatu ba ta manta da ɗanta ba, kowace shekara tana ɗinka masa riga ta kai masa.

Saboda haka kafin ka ɗora yaro a mota, je wurin fasto ka tambaya. Wa zai kwana da yara maza? Wace mace za ta lura da 'yan mata? Akwai gidan sauro? Damina ce, zazzaɓi yana kama yara. In ya kwanta, wa zai kai shi likita? Ran da ya komo kuma, ku zaunar da shi bayan tuwon dare, ya faɗa muku ayar da ya haddace, da sunan wanda ya koya masa.