Masana Taurarin Gabas: Shin Masu Duba Ne?

A lokacin Kirsimeti, a ikkilisiyoyin Lafiya da ƙauyukan da ke kewaye da ita, yara sukan yi wasan kwaikwayon haihuwar Yesu, uku daga cikinsu su naɗa rawani su zama sarakunan gabas. Amma wanda ya buɗe Matiyu 2:1-12 ba zai tarar da sarakuna ba, ba kuwa zai ga adadinsu ba. An ɗauki uku ne daga yawan kyautai, wato zinariya da lubban da mur, sarautar kuma daga Zabura 72 da Ishaya 60. Sunan da Littafi Mai Tsarki na Hausa ya ba su shi ne masana taurari, a nan kuwa gardama take tasowa. Waɗansu masu bi sun ce mutanen nan masu ilimi ne kawai, ba ruwansu da duba. Waɗansu kuma sun ce, tun da tauraro ya kai su wurin Almasihu, ina laifin mai bi in ya je a buga masa ƙasa kafin aure, ko ya karanta abin da tauraronsa ya faɗa a wayarsa?

Gaskiyar tarihi ta fi karkata ga cewa masu duban taurari ne. Kalmar da Matiyu ya rubuta da Helenanci ita ce "magoi". Herodotus, marubucin tarihi na ƙarni na 5 kafin haihuwar Almasihu, ya bayyana su a matsayin firistocin ƙasar Mediya masu fassara mafarkai da alamu. Daga tushen nan Larabci ya sami "majus", masana da yawa kuma suna ganin daga can sunan Maguzawa ya fito. Da wannan kalma aka kira Alimas mai sihiri a Ayyukan Manzanni 13. Mai yiwuwa ne sun ji annabcin Bal'amu game da tauraron Yakubu (Ƙidaya 24:17) ta bakin Yahudawan Babila, inda Daniyel ya taɓa shugabantar masu hikima, amma Matiyu bai faɗi haka ba. Babu amfani a tsarkake su da abin da Nassi bai ce ba.

Duk da haka, duban sama iri biyu ne. Manomin doya ko riɗi wanda yake lura da Kaza da 'ya'yanta don ya san ƙaratowar damina, ko matafiyin da yake tashi da fitowar Gamzaki, bai yi zunubi ba, gama Farawa 1:14 ta nuna an halicci haskokin sama don rarrabe lokatai. Abin da Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ta haramta, Ishaya 47:13-14 kuma ya yi wa ba'a, shi ne neman sanin gaibu da ƙaddarar mutum daga halitta. Agustin, bishop na Hippo a Afirka ta Arewa wanda ya rasu a shekara ta 430, ya taɓa sha'awar wannan ilimi kafin ya rabu da shi. Hujjarsa ita ce tagwaye: Isuwa da Yakubu an haife su kusan lokaci guda, ƙarƙashin taurari ɗaya, amma rayuwarsu ta sha bamban.

To, me tauraron ya yi wa mutanen gabas? Ya tashe su daga gida, amma iliminsu ya kai su fadar Hirudus a Urushalima, inda ba a haifi kowane sarki ba. Sai da aka tara manyan firistoci da malaman Attaura, aka buɗe Mika 5:2, kafin a san Baitalami ce, tafiyar kilomita 9 kacal kudu da birnin. Tambayar da suka yi a Urushalima kuwa ita ce ta farkar da kishin Hirudus, har ya sa aka karkashe 'yan yara maza na Baitalami daga masu shekara 2 zuwa ƙasa. Da tauraron ya sāke bayyana, bai yi tafiya irin ta taurari ba. Yahaya Kirisostom, mai wa'azin Antakiya a ƙarni na 4, ya lura cewa taurari ba sa bin hanya daga arewa zuwa kudu su tsaya bisa gida guda. A wajen komawa ma, ta mafarki Allah ya gargaɗe su, suka bi wata hanya dabam. Tertuliyan na Kartaj, wajen shekara ta 200, ya fahimci wannan a kan cewa sun bar tsohuwar sana'arsu ke nan.

Saboda haka labarin bai halatta duba ba. Abin da ya nuna shi ne alherin Allah, wanda ya kira baƙi da harshen da suka sani, ya fitar da su daga cikinsa zuwa ga Maganarsa. Mai bi wanda yake da Littafi a ɗakinsa, in ya koma wurin mai duba, ya juya baya ne ga inda su suka nufa. Illar kuma a fili take: ana fasa aure don an ce taurarin saurayi da budurwa ba su dace ba, ana zargin tsohuwa da maita don mai duba ya nuna ta, kuɗin makarantar yara kuma ya tafi a banza. Tsoron gobe ne yake kai mutane can. Ya kamata iyaye da dattawan ikkilisiya su saurari wannan tsoro da haƙuri, su amsa shi da addu'a da shawara, har da taimakon aljihu in hali ya yi.

Akwai kuma gargaɗi ga masu saurin hukunta wasu. Malaman Urushalima sun san ayar, sun faɗe ta daidai, amma ba a rubuta cewa ko ɗayansu ya taka zuwa Baitalami ba. Baƙin da iliminsu yake gauraye da kuskure su ne suka isa, suka durƙusa, suka yi sujada. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma sai in ya tambayi wanda ya san hanya, ya kuma tashi ya bi ta.