Tukunyar Da Ba A Tonowa

A da, mai kuɗi yakan binne tukunyar azurfa a ɗaka, bai gaya wa kowa ba. In ajali ya riske shi, magada su fasa daɓe, wani lokaci a dace.

Yau tukunya ta sake kama. An ƙago Bitcoin a 2009, yanzu kuwa mutum yana iya kulle dukiyarsa a intanet da kalmomin sirri 12 ko 24. In suka bi shi kabari, ba banki, ba alƙalin da zai buɗe, ba kuwa daɓen da za a fasa.

To, shin mutum yana da ikon mutuwa da asirinsa? A ganina, a'a. Da ya cika, dukiya ta tashi daga hannunsa: a biya bashi, a fid da wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi, saura na magada. Wanda ya ɓoye mabuɗi ya hana maraya rabonsa, ya kuma kwanta da bashi a wuya.

Amma fa duk mai riƙe da kalmomin shi ke da kuɗin. Saboda haka sai a rubuta su, a liƙe, a adana, a faɗi wurin ajiya cikin wasiyya gaban shaidu.