Hukuncin Hurumin Gari A Musulunci

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai mallakar ƙasa da abin da ke bayanta. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, maganar wannan mako ta shafi filayen da ke kewaye da birane ne, watau hurumi da burtali da fadama da kududdufi, da yadda gine-gine ke cinye su kullum. Duk wanda ya san Kano shekaru 40 da suka wuce ya san cewa idan mutum ya fita ta hanyar Zariya ko ta hanyar Katsina, ba zai yi nisa ba sai ya sami kansa cikin gonakin gero da dawa, da inuwar ɗorawa da tsamiya. A yau kuwa gari ya riga ya haɗe da ƙasar Kumbotso da ta Ungogo, inda duk aka duba sai bulo da kwano. Mutane da yawa suna tsammanin wannan al'amari na ma'aikatan tsara birane ne kurum, babu ruwan addini da shi. Alhali kuwa malaman fiƙihu sun yi masa babi sukutum, sun bayyana abin da ya halatta a mallaka daga cikin ƙasa, da abin da ya wajaba a bar wa jama'a.

Kalmar da Larabawa ke amfani da ita ga abin da Hausawa ke kira hurumi ita ce hima. A zamanin jahiliyya, shugaban ƙabila mai ƙarfi idan ya sauka a wuri mai ciyawa, sai ya hau tudu ya sa karensa ya yi haushi, iyakar inda aka jiyo haushin nan ya zama nasa, ba wanda zai yi kiwo a ciki sai shi, sa'an nan kuma ya shiga sauran daji ya yi tarayya da talakawa a cikin abin da ya rage. Irin wannan hurumi ne Kulaibu ya yi, har ya harbe raƙumar da ta shiga cikinsa, aka kashe shi a kan haka, yaƙin Basusa ya tashi tsakanin Bakru da Taglibu, wanda masu tarihi suka ce ya kai wajen shekara 40.

Da Musulunci ya zo sai ya rushe hurumin zalunci, ya tabbatar da hurumin maslaha. Bukhari ya ruwaito daga Sa'abu ɗan Jassama cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya taƙaita ikon keɓe hurumi ga Allah da ManzonSa. Malamai suka fahimta daga nan cewa shugaba ba shi da ikon keɓe fili domin kansa ko domin 'yan gidansa, amma yana da ikon keɓewa domin amfanin Musulmi gaba ɗaya. Shi kansa Manzon Allah ya keɓe wani kwari mai ciyawa da ake kira Naƙi'u domin dawakin Musulmi. Muslim kuma ya ruwaito daga Abu Huraira cewa ya sanya mil 12 kewaye da Madina su zama hurumi. Ga shi nan kuwa a fili, birni na farko da Musulunci ya tsara an bar masa sarari a kewayensa da gangan.

Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya bi wannan sunna, ya keɓe Rabaza da Sharaf domin dabbobin zakka da na jihadi. A ƙarshen Muwaɗɗa Imamu Malik ya kawo wasiccin da ya yi wa wani baransa mai suna Hunayyu sa'ad da ya ɗora shi a kan tsaron hurumi. Ya umurce shi da ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga su yi kiwo, amma ya hana garken Abdurrahman ɗan Aufu da na Usman ɗan Affan. Dalilin da ya bayar shi ne, waɗannan biyu idan dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabino da za su koma gare su, shi kuwa talaka idan nasa suka halaka sai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar Sarkin Musulmi yana kuka, kuma ba shi yiwuwa a kore shi. Saboda haka bar masa ciyawa da ruwa ya fi sauƙi bisa ga biyansa da zinariya da azurfa daga baitulmali.

Ya kamata mai karatu ya lura da mutanen da aka hana. Sahabbai ne guda biyu daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, dukiyarsu kuwa ta halal ce, ba a tuhume su da kome ba. Duk da haka aka fifita mai akuya uku a kansu, domin an ajiye hurumi ne saboda wanda ba shi da wata madogara. Attajiri idan gari ya matse yana iya sayen gona a nesa, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya kewaye lambunsa da katanga. Matar da ke kiwon tumaki biyu tana jiran kasuwar layya, da mai jakin da ke ɗaukar kaya, da yaran da ke yo ciyawa da itace, su ne ba su da inda za su nufa idan hurumi ya tafi.

Malaman mazhabar Malikiyya sun tsara wannan hukunci a babin raya matacciyar ƙasa. Asali dai wanda ya raya ƙasar da ba ta da mai ita, ta hanyar haƙa rijiya ko gini ko dashe, ta zama tasa. Amma sun togace abin da suka kira haramin gari, watau wurin da mutanen gari ke zuwa kiwo da yin itace, su fita da safe su komo da yamma. Wannan wuri haƙƙin mutanen garin ne a tare, ba a ɗauke shi matacciyar ƙasa ba ko da babu gini ko shuka a kansa. Sun kuma ce raya ƙasar da ke kusa da gari yana bukatar iznin shugaba, domin ya duba ko akwai cutarwa ga jama'a. Shaihu Halilu ya ambaci haka a cikin Mukhtasar, kuma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi musamman a kan hanyoyin mallakar ƙasa, mai suna Ta'alimur Radi. Ashe kuwa filin da ɗan kasuwa ke gani a matsayin kango mai jiran a yanka, Shari'a tana ganinsa da masu shi, sai dai sunansu ba ya cikin takarda.

Mutanen da suka kafa biranen ƙasar Hausa sun san wannan. Ganuwar Kano, wadda tarihi ya nuna an fara ta a zamanin Sarki Gijimasu, 1095 zuwa 1134, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ta kewaye gonaki da sarari mai yawa tare da gidajen jama'a, domin idan maƙiya suka kewaye gari a sami wurin noma da kiwo a ciki. Baturen nan matafiyi Barth, wanda ya yi amfani da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya tarar da babban sashe na cikin ganuwa gonaki ne. Ramukan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini suka zama kududdufai masu karɓar ruwan damina. Manoman karkara suna shigo da hatsi da itace a kan jakuna, su koma da taki cikin mangala, birni ya ciyar da gona, gona ta ciyar da birni.

Abin da ake gani a yau kishiyar wannan ne. Ana cike kududdufi da shara a daddale, a sayar da shi fuloti-fuloti, sa'an nan idan ruwan watan Agusta ya sauko ya rasa mazauninsa, sai ya shiga ɗakunan maƙwabtan da ba su ci ko kwabo daga cinikin ba. Ana yanka gonaki da awon igiya, ba a bar wurin makaranta ba, ba a bar maƙabarta ba, hanyar kuwa ko motar kashe gobara ba ta iya shiga. Ana toshe burtali, makiyayi ya rasa hanyar mashaya, shanu su faɗa gonar wani, faɗa ya tashi. Ita kanta ganuwa an ci wurare da yawa daga jikinta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, in an bi sawunsa, za a tarar da wanda ya sa hannu, da dillalin da ya kawo mai saye, da shaidun da suka karɓi la'ada.

Wani zai ce, to ina jama'a za su zauna? Tambaya ce mai kan gado. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen Jihar Kano sun haura miliyan 9, kuma kowane magidanci yana da haƙƙin ya sami inda zai rufa wa iyalinsa asiri. Musulunci bai hana gari ya faɗaɗa ba, Madina ma ta faɗaɗa. Manomin da ya sayar da gonarsa ta gado da yardar magada bai yi haram ba, ko da yake ya kamata ya tuna kuɗi suna ƙarewa cikin shekara ɗaya ko biyu, gona kuwa ta ciyar da kakansa ta ciyar da ubansa. Abin da Shari'a ta hana shi ne a sayar da abin da yake na kowa da kowa, ko a yi gini inda zai cutar da wasu. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Musulmi suna tarayya cikin ruwa da ciyawa da wuta, kuma ƙa'idar hana cuta da cutarwa tana cikin manyan ginshiƙan fiƙihu. Saboda haka sai a tsara unguwa kafin a yanka ta, a ware hanyar ruwa da burtali da maƙabarta da filin Idi da fadama tun da fari, gini ya bi inda ya rage.

Nauyi mafi girma yana wuyan hukuma. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sanya filayen kowace jiha a hannun Gwamna a matsayin amana domin jama'a, kafin nan kuma Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe makiyaya a 1965. Mai riƙe da amana kuwa ba ya kyauta da ita. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah ya yanka wa Abyadu ɗan Hammal wurin gishiri a Ma'aribu, da aka sanar da shi cewa wurin kamar ruwa ne mai ɓuɓɓuga wanda jama'a ke bukata, sai ya karɓe. Idan har haka ta faru ga kyautar Annabi, to takardar da wani ma'aikaci ya sa wa hannu a kan kududdufin unguwa ba ta mayar da haram halal. Amma rigakafi ya fi magani. A 2023 an rushe shagunan da aka gina a filin Idi na Kano, dukiya mai yawa ta salwanta, magana ta kai gaban kotu. Da an tsare filin tun farko, da ba a jawo wa kowa hasara ba.

Dagatai da masu unguwanni su ne suka san iyakar kowace gona da kowane hurumi, shaidarsu kuwa za a tambaye su ita. Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Ali cewa an la'anci mai canza alamun iyakar ƙasa. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci, za a rataya masa shi a wuya ranar ƙiyama har ƙasa bakwai. Mai saye shi ma bai kuɓuta ba don ya biya kuɗi. Wajibi ne ya bincika asalin fili kafin ya saya, idan ya yi shakka ya bari, domin a hadisin Nu'umanu ɗan Bashir an kamanta mai kutsawa cikin shubuha da makiyayin da ke kiwo a gefen hurumi, saura kaɗan ya afka ciki. Haka nan masu son gina masallaci su nisanci hanya da magudanar ruwa, domin Allah ba Ya karɓa sai abin da yake mai tsarki.

Su kuma mawadata, ƙofar alheri a buɗe take gare su. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi, Sayyidina Umar ya yi hubusi da gonarsa ta Haibara, ba a sayar da ita, ba a kyauta da ita, ba a gadonta. Attajirin da ya sayi fadama ko kurmi a bakin gari ya yi hubusi da shi, ya rubuta a gaban alƙali, ya dasa itatuwa, ya yi sadaka mai gudana, domin hadisin Anas ya nuna cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi. Limamai kuma su riƙa karantar da wannan babi a huɗuba da majalisun karatu, kamar yadda suke karantar da babin tsarki da na gado.

Allah Ya ba shugabanni ikon tsare amanar da ke hannunsu, Ya wadatar da talakawa da halal, Ya tsare bayinSa daga cin haƙƙin jama'a, amin.