Idan Keke Ya Iya Tattara, Me Ya Rage Wa Tela?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, muna zaune a dakalin masallaci sai wani yaronmu da ke aiki a wata masana'antar ɗinki ya zo gaishe mu. Ya ciro waya ya nuna mana hoton bidiyo na keken da yake aiki da shi. Mun ga ya danna lambobi a wani ɗan allo, ya sa yadi, ya taka, kafin ƙiftawa da bismilla tattara ta fito jere, kowace daidai da 'yar'uwarta. Wani dattijon tela da ke cikinmu ya kalla har sau biyu, ya miƙa wayar, ya ce: "Ni shekara uku na yi a gaban maigidana kafin ya yarda in yi tattara a kayan mutane. To yanzu shekaru ukun nan nawa sun tashi a banza ke nan?" Aka yi dariya, amma shi bai yi ba. Wannan tambaya tasa ce ta sa muka ɗauki alƙalami.

Bari mu fara da bayani domin wanda ba tela ba. Tattara ita ce a tara yadi mai tsawo a cikin wuri gajere, kamar yadda ake yi a ƙugun siket, ko hannun rigar mata, ko rigar yarinya. A hannu, tela yakan yi layi biyu na ɗinki mai manyan taku, sannan ya ja zaren a hankali yana rarraba yadin da yatsa har ya daidaita. In ya yi gaggawa zare ya tsinke, in ya yi sakaci wani gefe ya cunkushe wani ya zama fayau. Manyan kekuna kuwa suna da haƙora kashi biyu a ƙarƙashin allura, waɗanda ke jan yadi. In haƙoran gaba suka fi na baya sauri, sai su turo yadi fiye da wanda ke fita, shi ke nan ya tattaru. Da can da hannu ake murɗa wannan saurin. Yanzu kamfanoni irin su Juki na Japan da Dürkopp Adler na Jamus suna ƙera kekunan da kwamfuta ce ke sarrafa ɗan injin da ke jan yadin. Ana gaya mata cewa daga nan zuwa nan a tattara kaza, daga can a sassauta, sai ta riƙe a ƙwaƙwalwarta. Riga ta ɗari za ta fito kamar ta farko.

Fargabar dattijon nan ba sabuwa ba ce. A ƙasar Faransa, wani tela mai suna Thimonnier ya ƙera keken ɗinki a 1830, aka buɗe shago da kekuna wajen 80 ana ɗinka kakin soja. Teloli 'yan'uwansa suka afka wa shagon suka farfasa kekunan don tsoron rasa abinci. Bai hana komai ba: a 1851 Singer ya yi rajistar nasa keken a Amurka, kuma sunansa ya zagaye duniya har ya iso ƙofar gidajenmu. Kakanninmu da suka taso daga Kano da Katsina da Zazzau suka sauka a wannan gari na Abdu Zanga, da allura da zare suke ɗinka riga. Da keken ƙafa ya zo, irin su Singer da Butterfly, an yi masu cewa ɗinkin keke ba shi da albarka. Yau keken da aka ƙi ɗin nan shi ne dattijonmu yake kira aikin hannu. A idonmu kuma muka ga aikin kwamfuta ya shigo wuyan riga da hula. Aska takwas da maɗinkin Zariya zai yi watanni yana yi, inji ya buga mai kama da ita a yini.

Saboda haka ba za mu ce wa teloli "ku kwantar da hankalinku, babu komai" ba, don akwai komai. Duk lokacin da sabon inji ya zo, akwai wanda tukunyarsa ke daina tafasa. Keken nan yana da tsada, yana son wuta tsayayya, mu kuwa mun san halin wutarmu da kuɗin man janareta. Mai jari shi zai saya, kuma shi zai kwashe kwangilar kayan makaranta da ankon biki. Ga Abuja a hancinmu, tafiyar da ba ta fi kilomita 50 da 'yan kai ba. Abin da ya sauka can, ta Mararaba da Masaka zai gangaro mana. Zamani riga ne, ko mun so ko mun ƙi sai an sa.

To, me ya rage wa tela? A ganinmu kowace sana'a abu biyu ce a haɗe: iyawa da amana. Iyawa ita ce abin da hannu ya sani. Amana ita ce abin da mutum yake yi da kayan wani a lokacin da mai kayan ba ya gani. Inji yana iya karɓe ta farko, wani lokaci ma ya fi mu. Ta biyun ba a sayar da ita a kwali.

Kuma babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a tattara, domin tattara maɓoyar yadi ce. Mu yi lissafi. Yadi ɗaya inci 36 ne. A ce ƙugun mace inci 30. In za a yi tattara ninki biyu, ana bukatar inci 60. In ninki uku ne, inci 90, wato yadi biyu da rabi. Baiwar Allah ta kawo turmin atamfa mai yadi shida, ta ce a cika mata tattara. Tela ya ce to, ya yi ninki biyu, inci 30 suka rage a ƙarƙashin tebur. Ta zo karɓa ta tambayi ragowa, ya ce: "Ai Hajiya, tattara ta cinye." Wa zai farke ɗinki ya auna? Bayan sati biyu sai ka ga ƙyallen a jikin 'yar tela, ko an haɗa shi da wasu an yi rigar sayarwa. Ba mu ce duk teloli haka suke ba, Allah ya kiyaye. Kuma kada mu 'yan tireda mu yi dariya, don mu ma mun san yadda ake jan yadi a kan sanda lokacin awo, har yadi biyar ya koma biyar ba kwata in an kai gida. Suratul Muɗaffifina da ta yi gargaɗi a kan tauye mudu da ma'auni ba ga masu hatsi kaɗai ta sauka ba.

A nan keken kwamfuta yana da wani alheri da ba a lura da shi ba: lamba yake nunawa. In an sa ninki biyu, allo zai nuna biyu, ba zai ji kunyar maigida ya rufa masa asiri ba. Amma wa ya danna lambar? Mutum ne. Wanda ya saba cin ƙyalle da hannu zai ci da kwamfuta, ya ma fi sauri, ya ci na mutum ɗari a yini. Inji yana ninka abin da ke zuciyar mai shi ne kawai, in gaskiya gaskiya, in ha'inci ha'inci.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun daɗe da yanke wata mas'ala, tana nan a Risala da muka karanta a zaure: mai sana'ar da aka ba shi kayan mutane ya tafi da su wurin aikinsa, shi ke da lamuninsu in sun salwanta ko sun lalace. An yi hakan ne don kare dukiyar jama'a, tunda mai kaya ba ya nan balle ya shaida. To gobe in keke ya yage shaddar wani, ko an danna lamba ba daidai ba riga ta lalace, kada wani ya ce "kwamfuta ce ta yi." Ba kwamfuta aka ba amana ba, kai aka ba, kai za ka biya.

Sai dai dattijon nan yana da wata hujja da ba mu iya turewa ba. Da muka gaya masa duk wannan, sai ya ce: "Malam, a ina kuke zaton na koyi amanar? A shekaru ukun nan ne. Maigidana yakan sa in farke tattara sau biyar, ina hawaye, har in gane cewa kayan mutane ba abin wasa ba ne." Gaskiya ya faɗa. Koyon sana'a a wurinmu makaranta ce ta hali: yaro ya share shago, ya yi guga, ya sa maɓalli, ya ga yadda maigida ke mayar da ragowar zare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In yaro zai iya ƙwarewa a danna allo cikin sati biyu, ya buɗe shago a wata na uku, to ya sami iyawa bai bi ta hanyar da ake samun hali ba. Wannan ita ce asarar da ta fi ba mu tsoro, fiye da ta kuɗi.

Duk da haka sauƙin aiki ba laifi ba ne. A Suratu Saba'i, aya ta 10 da ta 11, an ba mu labarin Annabi Dawuda, alaihis salam, cewa an tausasa masa baƙin ƙarfe, sannan aka umarce shi ya yi sulke ya kuma kyautata awo wajen saƙa shi. A lura: an sauƙaƙa masa wahalar, amma ba a ɗauke masa nauyin daidaita aikin ba. Shi ne kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ba da misali da shi a hadisin Buhari cewa daga aikin hannunsa yake ci. Ashe darajar aikin hannu ba a yawan gumi take ba, a halaccinsa da ingancinsa take.

Saboda haka ga shawarwarinmu ga unguwa.

Na farko, a kira kowane aiki da sunansa. Aikin inji halal ne, kuɗinsa halal ne, amma a sayar da shi a matsayin aikin hannu algus ne. Mun san hadisin mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya sa busasshe a sama, da abin da aka ce masa.

Na biyu, a yi magana tun wajen awo. Tela ya ce: tattara ninki kaza za ta ci yadi kaza, kaza zai rage. Ragowar, ko tafin hannu ce, ta mai kaya ce har sai ta ce ta bar maka. Iyayenmu mata, ku ma ku riƙa tambaya, ba rashin kunya ba ne.

Na uku, duk wanda Allah ya hore wa ya sayi irin keken nan, kada ya sallami yaransa. Ya bar su su fara da allura da keken ƙafa kafin su taɓa allo, don ranar da babu wuta, kuma don halin da muka faɗa. Ƙananan teloli kuwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: adashen da ake yi don biki ana iya yin sa don inji ɗaya da mutum biyar za su riƙa amfani da shi.

Na huɗu namu ne, mu masu kai ɗinki. Mukan kai kaya saura kwana uku Sallah, mu matsa wa tela har ya yi alkawarin da ba zai iya cikawa ba, mu karɓi riga mu ce "sai an kwana biyu," sannan mu zauna a majalisa muna cewa teloli maƙaryata ne. Wanda yake son a riƙe masa amana, ya biya haƙƙin mai aiki a kan lokaci.

Shi kuwa dattijonmu, mun ce masa shekarunsa uku ba su tashi a banza ba. Shaida ita ce har yau matan unguwa sukan aiko masa da turmi ba tare da sun ƙirga yadin ba, kuma ya mayar da ƙyallen a naɗe cikin leda. Washegari mun ga ya kira yaron nan mai waya ya zaunar da shi a shago, yana ta yi masa tambaya a kan haƙoran keken.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya tsare mu daga cin haƙƙin mutane komai ƙanƙantarsa, ya ba yaranmu abin yi na halal. Amin. Wassalamu alaikum.