Baki Biyar Ko Mutum Biyar?

Duk wanda ya fara koyon Sinanci zai tarar ba a haɗa adadi da suna kai tsaye. Tilas sai an sa wata 'yar kalma a tsakaninsu, mai nuna irin abin da ake ƙirgawa. Littafi da "ben" yake tafiya. Takarda da tebur "zhang" suke ɗauka, domin suna da faɗi. Kogi, maciji, hanya da wando kuwa "tiao" ne nasu, saboda tsawo. Saniya ana ƙirga ta da "tou", watau kai.

To, mutum fa? Ana iya ƙirga shi da "ge", wadda ke shiga kusan ko'ina, kamar "guda" a wurinmu. Baƙo ko malami "wei" ake sa masa, don girmamawa. Amma in maigida zai faɗi yawan iyalinsa, "kou" yake cewa, watau baki. Kalmar yawan jama'ar ƙasa ma, "renkou", mutum da baki aka haɗa.

Abin tambaya a nan shi ne: shin akwai ƙidayar da babu hukunci a cikinta? Kafin ka ce biyar, ai ka riga ka yanke ko mene ne a gabanka. Uban da ya ƙirga bakunan da zai ciyar bai yi laifi ba, nauyinsa ya tuna. Haɗarin yana wajen mai mulkin da ya ga baki na ci kawai, ya manta baki yana magana. Sinawa nahawunsu ya fito da wannan zaɓi fili. Mu namu a zuci yake, saboda haka sai mu riƙa bincikarsa.